Uzla da Alƙalami: Tarihin Matan Llangollen da Wasiƙunsu

A arewacin ƙasar Wales, a wani kwari da kogin Dee ya ratsa, inda tsohuwar hanyar da ta taso daga Landan take bi ta nufi tashar jiragen ruwa ta Holyhead, akwai wani ƙaramin gari mai suna Llangollen, wanda da ba don wasu mata biyu 'yan asalin ƙasar Ayalan da suka zauna a gefensa kimanin shekara hamsin ba, da ba lalle ne sunansa ya shiga littattafan adabin Turawa kamar yadda ya shiga ba. Sunayensu Eleanor Butler da Sarah Ponsonby, dukansu 'ya'yan manyan gidaje, waɗanda a shekarar 1778 suka bar dangi da ƙasar haihuwa, suka ƙetare teku da niyyar su yi uzla, su nisanci taron jama'a, su ƙare kwanakinsu a kan karatu da aikin lambu da amincin da ke tsakaninsu. Abin da ya sa nake ganin labarinsu ya cancanci a dakata a kansa shi ne, wannan uzla da suka nema, alhali ba su da dukiyar da za ta tsare musu ita, ba su da kuma namijin da zai tsaya musu a zamanin da mace ba ta da tsayuwa sai da shi, da alƙalami da takarda suka riƙe ta tun daga farkonta har ƙarshenta.

Eleanor ita ce babba. An haife ta a 1739 a zuriyar Butler, masu sarautar Ormonde, waɗanda fadarsu take birnin Kilkenny tun ƙarnoni da dama. Sai dai a lokacin da ta zo duniya gidan yana cikin halin koma-baya, domin an ƙwace sarautar a 1715 saboda mai riƙe da ita ya goyi bayan zuriyar Stuart da aka kora daga gadon mulkin Ingila, sa'an nan kuma reshen da mahaifinta ya fito 'yan Katolika ne, a zamanin da dokokin Ayalan suka haramta wa mai bin wannan ɗariƙa shiga majalisa ko riƙe muƙami. Saboda haka aka kai ta wani gidan mata masu zaman zuhudu a Cambrai, cikin ƙasar Faransa, aka ilmantar da ita can, ta komo da Faransanci a bakinta, da son littattafai, da wani kaifin harshe wanda bai ƙara mata farin jini wurin masu neman aure ba. 'Yan'uwanta mata suka yi aure, ɗan'uwanta John ya koma ɗariƙar Furotesta ya auri magajiyar wata babbar dukiya, ita kuwa ta zauna a gida har ta doshi shekara arba'in, mahaifiyarta tana ganin babu abin da ya saura sai a mayar da ita gidan zuhudu ta ƙare rayuwarta a can, a huta da ɗawainiyarta, a kuma nuna wa duniya cewa gidan bai rabu da addinin kakanninsa ɗungum ba.

Sarah kuwa an haife ta a 1755, daga zuriyar Ponsonby masu sarautar Bessborough. Marainiya ce, uwa da uba sun rasu tun tana ƙarama, matar uban da ta riƙe ta ma ta bi su, har riƙonta ya koma hannun wata 'yar'uwar mahaifinta, Lady Betty Fownes, matar Sir William Fownes na gidan Woodstock da ke kusa da ƙauyen Inistioge. A 1768 aka sa ta makarantar kwana ta 'yan mata a Kilkenny tana da shekara 13, aka roƙi mutanen fada su riƙa duba ta, a nan ne ta haɗu da Eleanor, wadda a lokacin take da shekara 29. Littafi ne ya haɗa su. Babbar ta sami wanda za ta karantar, ƙaramar ta sami wanda zai saurare ta, kuma da Sarah ta gama makaranta ta koma Woodstock, mil goma sha wani abu daga Kilkenny, sai zumuncin ya koma kan takarda, suka yi kimanin shekara biyar suna aika wa juna wasiƙu a ɓoye. A cikin waɗannan wasiƙu ne aka ƙulla dukan shawarar gudu, amma ba su iso gare mu ba, kuma ina ganin wannan ita ce asara mafi girma a dukan tarihin nan.

Abin da ya iso gare mu daga waɗannan shekaru ya zo ne ta hannun wata bazawara, Lucy Goddard, aminiyar gidan Woodstock, wadda take yawan rubuta wasiƙa, kuma ba ta yar da wadda aka aiko mata. Ita Sarah ta rubuta wa tana kai kukan abin da ba ta iya faɗa wa kowa a gidan ba: cewa Sir William, mijin uwar riƙonta, wanda a shekaru ya isa ya yi jika da ita, ya sa mata ido, yana lissafin cewa matarsa ba lafiya gare ta ba, in ta kau zai aure ta ko ya sami ɗa namiji mai gadonsa, har yana matsa mata tun matar tana da rai. Duk wanda ya san matsayin maraya a gidan da ake ciyar da shi ya san irin ƙuncin da ke cikin wannan hali, domin in ta yi magana ta karya zuciyar matar da ta riƙe ta da amana, in ta yi shiru kuma ba ta tsira ba. Ga Eleanor ana shirin rufe ta a gidan zuhudu ba da son ranta ba, ga Sarah ana jiran mutuwar wata don a mallake ta. Wanda ya karanta labarin gudunsu bai sa waɗannan abubuwa biyu a gabansa ba, zai ɗauka wauta ce ta masu karanta littattafan soyayya, kamar yadda wasu danginsu suka ɗauka, kuma zai zalunce su.

A ƙarshen watan Maris na 1778, da dare, Sarah ta sa tufafin maza, ta ɗauki ƙaramar bindiga da ɗan karenta mai suna Frisk, ta dira ta taga, ta tarar da Eleanor, wadda ita ma ta sulale daga fada cikin shigar maza, suka nufi Waterford inda jirgin ruwa yake tashi zuwa Wales. Ba su sami jirgin ba. Suka kwana a wani ɗakin ajiye ciyawa cikin sanyi, dangi suka bi sawu suka cim musu, aka komo da Sarah Woodstock tana fama da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, aka kai Eleanor gidan 'yar'uwarta a Borris aka sa mata ido. Labarin kwanakin da suka biyo baya muna da shi kusan rana bayan rana, domin Lady Betty da 'yarta, Sarah Tighe, suna ta rubuta wa Lucy Goddard cikin ruɗewa, ita kuma da ta iso gidan tana rubuta abin da ta gani a littafinta na yau da kullum. Abin da ya fi kwantar wa dangi hankali, kamar yadda ya fito a wasiƙar Sarah Tighe, shi ne babu namiji a cikin lamarin, saboda haka sun ɗauke shi rashin dabara ne, bai kai ga zubar da mutunci ba.

Eleanor ba ta daɗe a Borris ba ta sake gudu, ta yi tafiyar dare ta shiga Woodstock, ta ɓuya a ɗakin Sarah, wata hadimar gidan mai suna Mary Carryll tana satar hanya tana kai mata abinci. Da asiri ya tonu aka yi kwanaki ana lallashi, ana tsoratarwa, ana kuka. Lucy Goddard ta keɓe Sarah ta gargaɗe ta cewa Eleanor mace ce mai zafin rai wadda zama da ita ba zai yi sauƙi ba, Sarah kuwa, wadda kowa ya sani da kunya da sanyin hali, ta tsaya a gaban Sir William da matarsa ta ce ko duniya za ta taru ba za ta canza niyyarta ba, da Eleanor za ta rayu, da ita za ta mutu. Daga ƙarshe mahaifin Eleanor ya aiko da lauyansa da izinin su tafi, suka fita da sassafe a farkon watan Mayu, suka hau jirgi a Waterford suka sauka Milford Haven, ba su ƙara taka ƙasar Ayalan ba har abada. Sir William ya kwanta ciwo ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Lady Betty ta bi shi cikin 'yan makonni.

Bayan sun zaga Wales, wadda Sarah ta rubuta labarin zagayenta a wani ɗan littafi, sai a 1780 suka kama hayar wani ƙaramin gidan dutse a kan tudu bayan garin Llangollen, a kan fam 22 da sule 7 da sisi a shekara, suka sa masa suna Plas Newydd. Mai karatu na ƙasarmu, da ya ji mata sun zauna a gida shekara da shekaru ba su cika fita ba, zai tuna da kulle. Amma bambancin a fili yake, domin su suka zaɓi ƙofar, kuma mabuɗin yana hannunsu. Sun shimfiɗa wa kansu tsari na kowace rana wanda suka bi da irin himmar almajiri mai neman sauka: a tashi da safe a zaga lambu, a duba saniya da kaji da ɗakin kaɗa man shanu, sa'an nan a zauna karatu, ɗaya tana karantawa da ƙarfi ɗaya tana ɗinki ko zanen taswira. Sun koyi Italiyanci da harshen Sifaniya, sun karanta Dante da Petrarch da Rousseau, kuma babu marubuciyar da suka fi komawa gare ta kamar Madame de Sévigné, Bafaranshiyar nan ta ƙarni na 17 wadda sunanta ya ɗore saboda wasiƙun da ta rubuta wa 'yarta. A littattafansu sukan buga haruffan farko na sunayensu biyu tare, wasiƙu da yawa ma da sunan su biyu suke fita.

A nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi, domin shi ne ya ba takardunsu siffar da suke da ita. Mutum biyu da suke kwana ɗaki ɗaya, waɗanda da wuya su raba wuni, ba su da dalilin rubuta wa juna wasiƙa, saboda haka duk wasiƙun shekara hamsin ɗin nan waje suke fuskanta, kuma wanda yake son ya ji yadda suke da juna sai ya koma ga littafin da Eleanor take rubuta labarin kwanakinta, musamman na shekarun 1785 zuwa 1790. A cikinsa za a ga ƙarfe nawa aka tashi, me aka ci, wane littafi aka karanta, wace rana saniyarsu Margaret ta haihu, wane baƙo aka karɓa, wane aka mayar. Za a kuma ga ciwon ɓarin kai da yake kayar da ita kwana da kwanaki, da yadda Sarah take zama a gefen gadonta tana riƙe mata kai tana karanta mata littafi har ya lafa. Kusan ba ta ambaton sunan Sarah sai da laƙabin ƙauna, kuma sau da yawa takan rufe labarin rana da godiya cewa yau babu wanda ya zo. Muryar Sarah kuwa ta fi fitowa a wasiƙunta ga Sarah Tighe, cikin rubutu mai tsabta da kalmomi masu ladabi, da kuma a littattafan lissafin gida waɗanda ita take riƙe da su.

Wasiƙa a wancan zamani ba abu ne mai arha ba. Da gashin dinya ake feƙe alƙalami, a barbaɗa rairayi a kan tawada ta bushe, a naɗe takardar ita kanta a rubuta adireshi a bayanta, a ɗiga jan kaki a danna hatimi, domin in an sa ta cikin ambulan za a lissafa shi takarda ta biyu a ninka kuɗin. Wanda aka aika wa shi ke biya, gwargwadon nisan tafiya da yawan takardu, shi ya sa masu tattali sukan cika shafi sa'an nan su juya shi su sake rubutu a gicciye a kan na farko. 'Yan majalisa da masu sarauta suna da izinin aika wasiƙa kyauta in sun sa hannu a bayanta, don haka samun aboki a majalisa wanda zai sa maka hannu alheri ne da ake roƙo, matan Llangollen kuwa sun roƙa. Tsarin kan sarki na kwabo ɗaya bai zo ba sai 1840, bayan dukansu sun rasu. Da haka mai karatu zai gane cewa matan da suke karɓar wasiƙu daga Dublin da Landan da Bath, suna kuma sayen jaridu, wani kaso na abin da za su ci suke miƙa wa gidan waya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take; su da suka ɗaure ƙafarsu da gangan, dole tasu ta koma hannu.

Babin kuɗi shi ne mafi ɗaci a wasiƙun, kuma ba na son a tsallake shi don a ƙawata labarin. Abin da suke samu da farko bai wuce kimanin fam 280 a shekara ba, 200 daga gidan su Eleanor, 80 daga Sarah Tighe, kuɗin da zai ishi mai ƙana'a, amma bai ishi 'ya'yan sarauta masu sayen littattafai da gyaran gini da riƙe mai lambu da 'yan aiki da ba da sadaka ba. Mahaifin Eleanor ya rasu a 1783 bai ambace ta a wasiyyarsa ba. Ko da aka mayar wa ɗan'uwanta sarautar Ormonde a 1791, aka ba ta matsayin 'yar basarake har ake ce mata Lady Eleanor, girman suna ne ya ƙaru, aljihu yana nan yadda yake. Saboda haka suka shekara da shekaru suna rubuta wa dangi da manyan gwamnati, suna tuni, suna roƙo, suna godiya, wani lokaci Eleanor tana fushi, har suka sami fansho daga gwamnati wanda sau da yawa yakan makara, sai an sake rubuta wata wasiƙar a nemi wanda zai yi magana. Gidan da suka yi ta ƙawatawa ma bai zama mallakarsu ba sai 1819. Akwai zubar da girma a irin wannan rubutu, sun kuma san da haka, amma sun gwammace su sha shi a kan takarda da su koma ƙarƙashin ikon waɗanda suka guda.

Wani aikin da wasiƙa ta yi musu shi ne ta zama musu zaure. Hanyar Holyhead ita ce hanyar duk mai zuwa Dublin daga Landan, zirga-zirga ta ƙaru bayan an haɗe majalisar Ayalan da ta Birtaniya a 1801, ta sake ƙaruwa da injiniya Thomas Telford ya gyara hanyar, har ya zama duk wani mai suna da ya sauka a masaukin Hand da ke cikin gari yana son ya ga matan nan da ake labari. Amma ba a shiga Plas Newydd kai tsaye. Sai baƙo ya aiko da 'yar takarda daga masauki, ya faɗi sunansa da asalinsa, in da hali ya haɗa da wasiƙar wani da suka sani, sa'an nan a duba rubutun da ladabin da ke cikinsa a yanke hukunci: wani a kira shi cin abinci, wani a bar mai lambu ya zaga da shi bayan su sun ɓuya, wani a ce masa a'a. Eleanor tana da girman kai na asali, ta kuma mayar da mutanen da ba su yi laifin komai ba sai rashin suna, wannan aibi ne da ba ya ɓoyuwa. Ta wannan ƙofa Arthur Wellesley ya shigo yana saurayi a 1788 tare da kakarsa Lady Dungannon, shi ne daga baya ya zama Duke na Wellington wanda ya karya Napoleon a Waterloo, bai kuwa yanke zumunci da su ba. Daga baya ta zama al'ada baƙon da aka karɓa ya kawo kyautar tsohon katako mai sassaƙa, da shi suka lulluɓe ƙofofi da bangon gidan.

A watan Yuli na 1790 jaridar General Evening Post ta Landan ta buga labarinsu da wani salo na habaici, ta siffanta Eleanor da doguwa mai kama da namiji, alhali gajera ce mai jiki, ta siffanta Sarah da kyakkyawa mai taushi, ta bar mai karatu ya ƙarasa sauran da zatonsa. Abin ya yi musu zafi ƙwarai. Suka daina sayen jaridar, suka rubuta wa Edmund Burke, ɗan majalisar nan ɗan ƙasarsu wanda ya shahara da balaga, suna neman shawara ko su kai ƙara. Amsarsa ta haɗa tausayi da hikima: ya nuna ɓacin ransa, ya bayyana musu cewa da wuya shari'a ta share musu hawaye a kan irin wannan rubutu, ya ce su yi haƙuri da sanin cewa ƙazafin bai taɓa darajarsu a wurin waɗanda suka san su ba. Suka bi shawararsa. Tambayar da jaridar ta tayar ba ta kwanta ba, domin wata mata mai suna Anne Lister, wadda ta ziyarce su a 1822, ta rubuta a littafinta cewa tana shakkar abin ya tsaya ga abota kawai, marubutan zamaninmu kuma sun yi ta jayayya a kai. Abin da takardunsu suka nuna shi ne ƙauna mai ƙarfi da sadaukarwa ta shekara hamsin, da kuma cewa su da kansu sun ɗauki habaicin a matsayin ɓata suna. Abin da ya wuce wannan zato ne, kuma adalci ga mamaci shi ne a tsaya inda hujja ta tsaya.

Shahararsu ma wasiƙun waɗansu ne suka yaɗa ta. Anna Seward, mawaƙiyar garin Lichfield, ta ziyarce su a 1795, ta wallafa waƙa a kan kwarin Llangollen a shekarar da ta biyo, ta ci gaba da rubuta musu har kusan rasuwarta a 1809. Da aka buga wasiƙunta cikin juzu'i shida a 1811, sai dubban masu karatu suka san ɗakin karatun Plas Newydd da tagoginsa masu gilashi mai launi kamar sun taɓa shiga. Mawaƙi Wordsworth ya zo a 1824 ya aiko musu da waƙa, wadda ba ta yi musu daɗi sosai ba saboda ya kira gidansu bukka. A 1825 marubuci Walter Scott ya zo da surukinsa Lockhart, wanda ya rubuta wa matarsa yana mamakin tsofaffi biyu cikin kaurin tufafin hawan doki da hulunan maza, gashinsu a yanke an barbaɗe shi da farar hoda, ga jaridu ko'ina a ɗaki, ga su sun san aure da haihuwa da mutuwar kowane babban gida. Yarima Pückler-Muskau na Jamus ya zo a 1828, shi ma a wasiƙa ya ba da labarinsu. Duniya ba ta taɓa fita daga tunaninsu ba: juyin mulkin Faransa na 1789 ya girgiza su domin masu son sarauta ne na gaske, tawayen Ayalan na 1798 kuma ya sa sun kwana suna jiran keken doki mai kawo wasiƙu don su ji halin dangi.

Akwai ta uku a gidan nan wadda ba a cika jin muryarta a takardun ba, ita ce Mary Carryll, hadimar da ta ciyar da Eleanor a ɓoye a Woodstock, wadda ta biyo su Wales ta zauna da su fiye da shekara talatin. Mace ce mai ƙarfi da zafin zuciya, an taɓa yi mata laƙabi saboda ta jefi wani abokin aikinta da maɗorin kyandir, kuma ita take ciniki da mahauta da masu kifi, ita take tare ƙofa, ita take riƙe da kicin, domin matan biyu su sami sukunin zama da Dante. Daga ɗan abin da baƙi suke ba ta ta yi ta tari har ta sayi wani fili kusa da gidan, da ta rasu a watan Nuwamba na 1809 ta bar musu shi. Sun san hakkinta, domin sun sa an gina wani dutsen tunawa mai fuska uku a maƙabartar cocin St Collen, suka rubuta sunanta a fuska ɗaya, suka bar biyu domin kansu, a zamanin da ba a saba haɗa 'yar basarake da 'yar aikinta a kabari ɗaya ba. Duk da haka, a duk lokacin da aka yaba wa uzlar matan Llangollen, wajibi ne a tuna cewa hannun wannan mata ne ya ɗauke musu rabin nauyinta.

Da tsufa ya kama su, yana ta rufe idon Eleanor har ta daina gani, alƙalamin gidan gaba ɗaya ya koma hannun Sarah, wadda ita ma jikinta ya yi nauyi da kumburi, tana jan aminiyarta da hannu suna zaga lambun da suka dasa. Eleanor ta rasu ranar 2 ga Yuni 1829 tana da shekara 90, a zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake mulki a Sakkwato, mutanen garin suka rufe kantuna ranar jana'izarta. Wellington, wanda a lokacin shi ne firayim minista, ya sa aka ba Sarah fansho na fam 200, amma ba ta daɗe tana cinsa ba, ta rasu a watan Disamba na 1831. A shekarar da ta biyo aka yi gwanjon kayan gidan, aka kwashe kwanaki ana sayar da littattafai da zane-zane da kayan tarihi, suka watsu a hannun jama'a.

Takardun kuwa Allah ya tsare su, domin sun koma hannun Caroline Hamilton, 'yar Sarah Tighe, wadda take zaune a gidan Hamwood cikin lardin Meath na Ayalan, ta haɗa su da wasiƙun mahaifiyarta da na kakarta da littafin Lucy Goddard, ta ƙara da abin da ita kanta ta sani. Suka zauna a wannan gida kusan shekara ɗari, har a 1930 Eva Mary Bell ta zaɓi wani sashe ta buga da sunan Takardun Hamwood, sa'an nan a 1971 Elizabeth Mavor ta rubuta tarihin matan biyu wanda har yanzu ake komawa gare shi. A yau babban kason takardun yana Babban Laburaren Ƙasar Wales da ke Aberystwyth, wasiƙun da suka aika wa wata abokiyar wasiƙarsu mai suna Hester Piozzi suna laburaren John Rylands a Manchester, gidan Plas Newydd kuma, wanda hukumar garin ta saya a 1932, yana hannun ƙaramar hukumar Denbighshire, tana buɗe shi ga masu ziyara.